Tsohon Tarago a Bakin Hanya: Yadda Ake Karanta Shi

Direban da ya saba bin hanyar Zariya zuwa Gusau, ko wata hanyar da ke tafiya kusa da layin dogo, ya san irin abin da ido kan ci karo da shi ba zato: tarago guda ɗaya tsaye a bayan tasha ciyawa ta kai masa wuya, ko wani kwance a kan haƙarƙarinsa a gindin gangara ƙafafunsa na kallon gabas, ko dogon tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe a wurin da babu ko rumfar mai shayi. Yawancin mutane kan ce "Allah mai iko" su wuce. Amma waɗannan ƙarafan suna ɗauke da bayaninsu a jikinsu, kuma wanda ya san inda zai duba yana iya gane shekarun tarago, da aikin da ya yi, da abin da ya tsayar da shi, cikin minti goma sha biyar. Ya kamata a koyi wannan karatun yanzu, domin 'yan gwangwan sun fi masu tarihi sauri.

Sai dai kafin komai, tsayawar kanta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kallon gefe na daƙiƙa biyu kawai ya isa ta yi mita 55 babu mai kallon gabanta. Kada a taka birki saboda abin kallo. A wuce shi, a sa sigina, a nemi wurin da ƙafafu huɗu za su sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana da kan gada da bayan tudu, sannan a dawo da ƙafa. A kula da bakin kwalta, don a hanyoyi da yawa ruwa ya zaizaye shi ya bar gaɓa mai tsawon taƙi, wadda kan fasa taya ko ta fizge sitiyari. A hanyar da ake fama da rashin tsaro kuwa, ba a tsayawa a daji ko me aka gani. Sai cikin gari, inda akwai mutane.

Idan taragon a harabar tasha yake, akwai mai shi, kuma akwai mai gadi. "Salamu alaikum Baba, sannu da aiki, ko za a ba ni izini in duba tsohon taragon nan?" ta fi ɗaga waya a hau ɗaukar hoto amfani nesa ba kusa ba. Sau da yawa dattijon da ke zaune a gindin darbejiyar tashar tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma zai faɗi abin da babu shi a jikin ƙarfe.

Fara da faɗin dogo

Tef ɗin awo shi ne kayan aiki na farko. Ana auna tsakanin cikin dogo ɗaya da cikin ɗayan, ba daga tsakiya ko daga waje ba. Idan aka samu milimita 1067, wato ƙafa uku da inci shida, tsohon layin Najeriya ne, irin wanda ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da na Legas a 1912, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Idan milimita 1435 ne, sabon layi ne irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Taragon wannan ba ya hawa dogon wancan, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa sababbin layuka ba za su taɓa farfaɗo da tsofaffin taragun da ke jibge a tashoshi ba.

Akwai awo na uku mai wuyar samu: milimita 762, ƙafa biyu da rabi. Wannan na ƙaramin jirgin kuza ne da ya riƙa tafiya tsakanin Zariya da Jos da Bukur, aka buɗe shi kashi-kashi daga 1912 zuwa 1914, aka rufe shi a 1957. Ya bi ta Rahama da Jengre, shi ya sa mai tafiya Jos ta Saminaka kan ga wata siririyar tudun ƙasa miƙaƙƙiya ta ratsa gonaki, ko ƙafar gada ta dutse a rafi babu hanyar da ta hau ta. Hanyar ƙafa da ta shanu kan karkace yadda suka ga dama, shi kuwa dogo ba ya son hawa mai tsini ko kwana mai kaifi, don haka duk tudun da ya miƙe sak, ya cike kwari ya yanka tudu, sawun jirgi ne. Wanda ke son ganin kan jirgin da taragunsa ido da ido ya je gidan tarihi na Jos, suna nan a ajiye.

Dogon da kansa yana da rubutu. A gefensa, a siririn wuyan da ke tsakanin kai da gindi, masana'anta kan fito da sunanta da shekarar da aka yi shi da nauyinsa. A goge tsatsar da burushin waya, a shafa alli, haruffan za su fito. Lamba 60 ko 80 a tsofaffin dogayen Ingila nauyin laba ne a kowane yadi, wato kimanin kilo 30 ko 40 a kowace mita. A lura kuma da abin da dogon ke kwance a kai. A tsohon layi galibi ƙarfe ne mai siffar kwami da aka kifa, saboda gara ba ta barin katako ya daɗe a ƙasarmu. Sabon layi kankare ne. Ɗan gibin da ake gani a mahaɗar dogo biyu ba kuskure ba ne: dogo mai mita 12 kan ƙara kusan milimita 5 tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar ɗin bazara. Inda aka kwashe tsakuwa ko aka sace ƙusoshin da ke riƙe shi, wannan miƙewar ce ke lanƙwasa layi ya koma kamar maciji.

Jikin taragon

Siffa tana faɗin aiki. Rufaffe mai ƙofar turawa a tsakiya na buhuna ne, gyaɗa da auduga da gishiri da siminti. Wanda aka bar wa tsaga-tsaga a bango don iska na shanu ne. Buɗaɗɗe mai gajeren bango na kwal ne ko tsakuwa. Mai tagogi a jere na fasinja ne, ƙarami kuma mai ɗan baranda da taga ɗaya ko biyu shi ne na gadi, wato ma'aikacin da ke kula da jirgin a hanya, wanda ake ɗaurawa a wutsiyar jirgin kaya.

A sunkuya a dubi doguwar katangar ƙarfen da jikin ke zaune a kai. A nan ake kafa farantin masana'anta mai ɗauke da suna da gari da shekara. Idan ramuka biyu ko huɗu kawai aka tarar, an riga an cire shi. Haɗin ƙarfen ma shaida ne: jerin ƙusoshi masu zagayen kai kamar an jera ƙwallayen goruba ƙanana alamar tsohon aiki ne na kafin walda ta yaɗu, sumul ɗin ɗinkin walda kuwa na baya-bayan nan ne. Kusa da lambar taragon akan rubuta TARE da wata lamba, wannan nauyinsa ne babu kaya. A rubuta ta, za ta yi amfani.

Wurin da ya fi ba da labari shi ne ƙafafu. Ƙafar jirgi da sandar da ta haɗa ta da 'yar'uwarta abu ɗaya ne, tare suke juyawa, nauyinsu ya doshi tan guda. A ƙarshen sandar akwai akwati. Idan akwatin yana da murfin da ake ɗagawa, tsohon samfuri ne: a ciki akwai ɓawon tagulla da sandar ke gogawa, da tsumman auduga jiƙe da mai a ƙarƙashinsa. Da zarar man ya ƙare ko ƙurar harmatan ta shiga, tagullar ta yi zafi, tsumman ya kama hayaƙi, dole a cire taragon daga jirgi a tura shi layin gefe a tasha mafi kusa. Taragu da yawa haka suka tsaya. Ba a kawo kayan gyara ba, sai aka fara cire wani abu daga jikinsa don gyara wani, har ya zama kwarangwal. Akwatin da ya yi shuɗi-shuɗi ko baƙin ƙuna shi ne shaidar wannan mutuwar. Wanda kuwa ke da zagayen murfi ɗaure da ƙusoshi uku boris ne na zamani.

A ƙarƙashin ciki za a ga wata tukunyar ƙarfe mai faɗi kamar rabin duro, da tiyo mai kauri mai zobba yana reto a kowane ƙarshe. Birkin zuƙo iska ke nan: kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin bututun, birki ya saki, in tiyo ya tsinke iska ta shiga, birki ya kama da kansa. Dabara ce mai kyau, amma ga abin da ya kamata kowa ya sani: idan tarago ya daɗe a ajiye wannan birkin yakan saki gaba ɗaya, babu abin da ke riƙe shi sai birkin hannu ko dutsen da wani ya sa a ƙafa. Kada a shiga ƙarƙashinsa, kada a shiga tsakanin taragu biyu, kada a bar yara su taɓa sandar birkin. Tan goma sha biyar ba ya bukatar gudu kafin ya murƙushe mutum.

Wanda ke kwance a gindin gangara kuwa, goce wa dogo ya yi. Tsohon layinmu tilo ne, jirgi ɗaya in ya tare shi ya tare hanyar gaba ɗaya, saboda haka abin da masu ceto ke fara yi shi ne ture abin da ya faɗi gefe a buɗe hanya. Ɗauko shi daga baya yana bukatar jirgi mai ƙugiya na musamman, kuma kuɗin aikin kan fi darajar taragon.

Sauran haɗurran ƙanana ne amma su suka fi samun mutane: katakon daɓe da ya ruɓe ƙafa ta burma, zuma ko rina a kusurwar rufi, maciji da kunama a inuwar ƙafafu. A buga jikin da sanda daga nesa a saurara kafin a leƙa. A kuma dubi saman dogon da ke kusa. In yana ƙyalli, jirgi na bi. Jikin jirgi ya fi dogonsa faɗi da kusan mita guda ta kowane gefe, don haka tsayawa "a gefen dogo" tsayawa ce a gaban jirgi. Taku huɗu manya shi ne mafi ƙaranci.

Ga mai sha'awar mayar da shi shago

Tunanin kan zo wa duk wanda ya ga taragon fasinja yana lalacewa a banza: ai wannan ɗakin karatu ne, ko wurin cin abinci. Ana yi, kuma in an yi da kyau babu ginin da ya kai shi jan ido. Amma araha ba ta ado.

Na farko, takarda. Tarago da dogo da duk ƙarfen da ke kan filin reluwe na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, komai daɗewar da ya yi a yashe. Hanyar mallaka ita ce gwanjon da hukumar ta sanar da kanta, da rasit da takardar izinin ɗauka mai ɗauke da lambar taragon. Wanda ya saya a hannun wani "mai hanya" ya yi cinikin biri a sama, kuma jami'an tsaro na kama motocin da ke ɗauke da ƙarafan reluwe babu takarda.

Na biyu, nauyi. Kwantena mai tsawon ƙafa 20 ba ta wuce tan biyu da 'yan kai ba, mai tsawon ƙafa 40 ba ta cika tan huɗu ba, shi ya sa ta cika kasuwanninmu. Taragon kaya mai ƙafafu takwas yana kaiwa tan 15 zuwa 20, na fasinja kuma wajen tan 30, da tsawon da ya doshi mita 20. Sauƙin da ake samu shi ne jikin zaune kawai yake a kan kekunan ƙafafunsa guda biyu, kowanne da turmi a tsakiya. In aka kwance sandunan birki da abin da ya riƙe turmin, jikin zai ɗagu ya bar ƙafafun a ƙasa, nauyi ya ragu da tan shida zuwa goma.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen motar ɗagawa. Wadda aka rubuta wa tan 50 tana ɗaga hakan ne kawai in kayan na dab da gindinta. Da hannunta ya miƙe mita goma, ƙarfinta ya ragu ƙwarai. A nemi direban ya nuna jadawalin da ke manne a ɗakinsa, a auna nisan da ƙafa kafin ranar aiki. Taragon fasinja motoci biyu yake so, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma a ɗaura igiyar ƙarfen a daidai inda ƙafafun suke, da katako tsakaninta da jiki. In aka ɗaura a tsakiya ko aka zura ta taga, bango zai lotsa, ƙofofi su daina rufuwa har abada. Aikin rani ne. Da damina ƙafar motar kan nutse a laka, ta kife da kayan. A bi hanyar da za a wuce tun da wuri a ƙirga wayoyin lantarki da ƙofofin gari, domin jikin tarago a kan tirela mai ƙasa-ƙasa yana kaiwa mita huɗu, a kan tirela ta yau da kullum kuwa ya wuce haka.

Mazauninsa ginshiƙai huɗu ne na kankare, biyu-biyu a ƙarƙashin inda kekunan ƙafafun suka zauna, tun da nan aka ƙera shi ya ɗauki nauyi. Kowanne santimita 60 a kan 60, bisa tushe mai mita ɗaya a kan ɗaya, kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a riƙa ba shi ruwa, a bar shi mako uku zuwa huɗu kafin a ɗora. A ɗaga shi rabin mita daga ƙasa iska ta riƙa wucewa. Taragon da aka ajiye a kan ƙasa kai tsaye daga ƙasa yake fara ruɓewa.

Tsatsa tana ɓuya a wuri uku: bakin rufi inda ruwa ke kwanciya, ƙasan tagogi, da inda bango ya haɗu da daɓe. Guduma ce alƙali. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji "dub" ɓawo na zuba. A kankare har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu a ranar da aka kankare, kada a bari ya kwana raɓa ta sauka. Taragon kaya mai mita 12 yana da fili kusan murabba'in mita 100 a waje, wato galan uku masu lita huɗu a kowace shafa. Tsohon fentin yana iya ƙunsar dalma, don haka a sa takunkumi, kada a ƙona shi da wuta.

Abubuwa biyu ba a wasa da su ko kaɗan. Tsofaffin taragun fasinja sukan zo da wani abu fari ko toka-toka mai kama da auduga a cikin bango da rufi, wanda yana iya zama asbestos. Ƙurarsa na lalata huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana. Ba a yanka shi, ba a share shi a bushe, ba a barin yara kusa. In yana rufe lafiya a bar shi a rufe, in ya fashe a nemo masana. Na biyu tankin mai. Ko ya shekara ashirin babu komai a ciki, tururin da ya maƙale a tsatsa da laka ya isa ya tarwatsa shi da mai waldan da ya kusanto da wuta. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba ya zama tankin ruwan sha kuma.

Sai zafi. Akwatin ƙarfe a watan Afrilu tanda ce. Maganin da ya fi aiki shi ne rumfar kwano a samansa, da tazarar santimita 30 zuwa 50 iska na ratsawa, da farin fenti a bango, da tagogi masu kallon juna. In za a ja wuta, dole a haɗa jikin da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa mai laima, in ba haka ba waya ɗaya da ta gogu ta isa ta mayar da shagon gaba ɗaya tarko.

Waɗansu abubuwan da ke sa a rage gudu

Tankin ruwan nan mai dogayen ƙafafu na zamanin jirgin kwal ne, lokacin da kan jirgi ke shan ruwa a hanya yana cin kwal ɗin Inugu. Ginshiƙin ƙarfe mai tsani da hannu guda a sama tsohuwar sigina ce, da waya ake jan ta daga tasha. A filin Jos kuwa, tafkunan da ke kwance shuɗi ko kore a gefen hanyar Bukur da Barikin Ladi ramukan haƙar kuza ne. Suna da kyau a ido, amma gaɓarsu a tsaye take kuma zurfinsu ba ya nunawa, sun ci masu wanka da yawa. Kukoki da suka taru a fili babu gida ko ɗaya kufai ne, a duba ƙasa za a ga katanga da tsingaro.

A Nijar akwai abin da ya fi tarago marar dogo ban mamaki, wato dogo marar jirgi. Mai tafiya daga Yamai zuwa Dosso zai ga layi na biye da shi kusan kilomita 140. An shimfiɗa shi tsakanin 2014 da 2016, faɗinsa mita ɗaya cif don ya dace da layin Benin da ya tsaya a Parakou, amma ba a haɗa su ba, kuma bai samu zirga-zirgar yau da kullum ba. A kan wannan hanyar ce dai, wajen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, mafi yawan raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma ke kiwo a cikin gonaki, wani lokaci har su tsallaka kwalta. A rage gudu sosai, kada a danna oda, a bar su su gama wucewa, don ƙananan kan biyo baya.

Wanda ya tsaya a gaban tsohon tarago ya ɗauki hoto biyar: gefensa gaba ɗaya, lambarsa, farantin masana'anta, akwatin ƙafa, da rubutun dogon da yake kai. Ya rubuta sunan tashar ko garin da ke kusa, da ranar, da abin da dattijon tashar ya faɗa masa da bakinsa. Hoton faranti yana fitowa sosai da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke bugunsa ta gefe inuwa ta cika ramin haruffan. In tsatsa ta cinye su, a ɗora farar takarda a goga fensir a kwance a kai, lambobin za su fito.